Laƙabi a Fuska, Sunan Yanka a Baya

A kasuwar tsofaffin kayan Porsche akwai wani rim da kowa ya sani da suna ɗaya. Jamusawa na ce masa rim ɗin tarho, masu jin Ingilishi ma haka suke ce masa, saboda ramuka biyar ɗin da ke fuskarsa sun ɗauko siffar faifan tsohon tarho, wanda ake zura yatsa a juya. A kan 928 ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ya bazu zuwa 944 da 924S da 911. Ɗauko guda biyu ka jingine su da bango, ɗaya daga 944 ta 1986, ɗaya daga 944 ta 1987. Dukansu inci 15 ne, faɗinsu inci 7, ramukan noti biyar biyar, tazarar ramukan iri ɗaya. Wanda bai saba ba zai rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke. Amma in ka ɗaura na 1986 a motar 1987, zai turo kai waje da milimita 29, taya ta riƙa gogar leɓen bodi duk lokacin da mota ta faɗa gargada. In kuma ka ɗaura na 1987 a motar 1986, sai ya shige ciki da milimita 29 ɗin nan, motar ta zama kamar an tsuke mata ƙafafu.

Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce rim ɗin tarho ne. Laƙabin ne ya faɗa. Sunan yankan yana baya, a gefen da ke kallon birki, inda ƙura da tsatsa suke taruwa: ɗaya an rubuta masa 7J x 15 ET 23,3, ɗayan 7J x 15 ET 52,3. Duk mai son ɗauko ƙafar wata mota ya sa wa tsohuwar motarsa ta gudu, tsakanin waɗannan sunaye biyu yake kai da komo. Laƙabin shi ke sa shi ya ciro kuɗi. Motar kuwa ba ta amsa kira sai da na bayan.

Kafin a je can, akwai ɗan ruɗani a bakinmu da ya kamata a warware. Taya a wurinmu robar ce, amma direba kan ce tayarsa ta fice alhali har da ƙarfen suka tafi. Ƙafa ta haɗa duka. Rim shi ne ƙarfen, kuma a Ƙofar Ruwa ko Panteka in ka ce rim 15 ka gama bayani, sai dai a tambaye ka rami huɗu ko rami biyar. A asalin harshen masu ƙera abin kuwa, rim da'irar waje ce kaɗai, wadda taya ke zama a kai, ban da faifan tsakiya mai ramukan noti. Jamusawa ma sun yi irin wannan sakacin: Felge da'irar waje ce a takardun injiniyoyi, amma a titi kowa na kiran ƙarfen gaba ɗaya da ita. Wannan bambancin ba na malanta ba ne kawai, domin da shi za a gane ma'anar ET in an zo kanta. Haka kuma kalmar aloyi, wadda muke nufin rim ɗin alminiyom da ita, ma'anarta gauraye ce kawai, kuma baƙin ƙarfen da ake rainawa shi ma gauraye ne. A Amurka da Ostareliya har yanzu akwai masu cewa mag, daga magniziyam da aka yi ƙafafun motocin tsere da shi a shekarun 1950 da 1960, ko da yake yawancin abin da suke kira haka yau babu magniziyam a cikinsa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A cikin laƙuban Porsche babu wanda ya kai Fuchs. Kalmar a Jamusanci sunan yanyawa ce, shi ya sa wasu ke zaton siffar dabbar ce aka gani a jikin rim ɗin. Ba haka ba ne. Sunan kamfani ne, Otto Fuchs, maƙera a garin Meinerzhagen tun 1910, waɗanda suka ƙera wa Porsche rim mai fukafukai biyar da ya fito a kan 911S a 1966. Heinrich Klie na ɗakin zanen Porsche ne ya zana shi, amma sunan maƙerin ne ya bi abin, na mai zanen sai masu bincike. Na farkon faɗinsa inci 4 da rabi ne kacal, siriri ƙwarai in aka gwada da na yau. Abin da ya ba shi daraja shi ne ƙira ce ba zubi ba: ana matse dunƙulen alminiyom ne da injin mai ƙarfin gaske har ya ɗauki siffa, maimakon a narka a zuba a mazubi. Ƙirarren rim ya fi sauƙin nauyi a ƙarfi ɗaya, kuma in ya daki rami yakan lanƙwashe ne kafin ya tsage. Porsche ta ci gaba da sa shi a 911 har 1989.

Shekara ashirin da 'yan kai ana yin abu ɗaya, dole ya haifi 'ya'ya, kuma kowane ɗa masu sha'awa sun raɗa masa suna. Mai faɗin inci 6 na farkon zamani ana ce masa shida mai zurfi, wanda ya gaje shi a farkon shekarun 1970 kuma shida shimfiɗaɗɗe, sunan da ya yi karo da na injin 911 kansa, mai silinda shida a kwance. Akwai wanda ake kira 7R, saboda an yi shi ne don 911R, kuma kuɗin guda ɗaya na asali kan sa mutum ya sake tunani. Duk Fuchs ne. Amma mai inci 6 ET ɗinsa 36, mai inci 7 na yau da kullum 23,3, mai inci 8 na bayan 911 kuma 10,6. Wanda ya ce maka yana da Fuchs huɗu na sayarwa, kusan bai faɗa maka komai ba tukuna.

Sauran laƙuban sun fi ban dariya, kuma suna nuna cewa ido ba ɗaya ba ne. Rim ɗin zubi na kamfanin ATS da ya zo a kan 911 a 1973, kuma ya zama na yau da kullum a 944 ta farko, Amurkawa sun kalle shi suka ga abin yankan biskit. Jamusawa suka kalle shi suka ga Hackmesser, wato addar da mahauci ke sara ƙashi da ita. Shafaffen rim na 928S mai ƙananan tsagogi a gefe, Jamusawa suka ce Gullideckel, murfin kwatar kan titi. Na 997 Carrera S an ce masa cokalin cin ƙaguwar teku. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fito daga ofishin Porsche. Kamfanin da kansa in ya tashi raɗa suna, sai ya ce Design 90 ko Cup, sunaye masu tsabta da ba su da gishiri. Ni dai na fi son na titi, kuma ba na ganin laifinsu. Aikinsu shi ne su kawo hoton abu a zuciya da kalma ɗaya, kuma suna yi. Laifin na wanda ya ɗora musu aikin awo ne.

To, mu juya rim ɗin.

Abu na farko da za a gani a baya shi ne doguwar lamba, kuma ukun farkonta kan faɗi motar da aka zana shi dominta: 911, ko 928, ko 986 na Boxster ta farko, ko 951, wanda shi ne lambar cikin gida ta 944 Turbo. A tsofaffin Fuchs kuwa za ka ga 901. Wannan shi ne sunan da Porsche ta kai motar da shi baje kolin Frankfurt a 1963, kafin Peugeot ta ce ita ke da haƙƙin lamba uku mai sifiri a tsakiya, irin 404 da 504 da muka sani. Porsche ta cire sifirin ta sa 1, aka sami 911, lambar da a titunan Najeriya ta fi tuna wa mutane da babbar motar Mercedes ta ɗaukar kaya. An canza sunan a jikin mota da takardun talla, amma a bayan rim da sauran kayan gyara 901 ya ci gaba da zamansa shekaru.

Sai 7J x 15. Bakwai ɗin faɗi ne da inci, amma ba daga baki zuwa baki ba, daga inda gefen taya ke zama zuwa ɗaya gefen. In ka sa tef ka auna daga waje za ka samu kusan inci 8, kuma wannan incin guda ya sha sa mutane sun sayi abin da ba shi suke nufi ba. Harafin J ba gajarta wata kalma ba ce. Lamba ce a jerin siffofin leɓen rim, kamar yadda akwai B da K da JJ, kuma J mai tsayin milimita 17 da ɗoriya shi ne ya zama gama-gari a ƙananan motoci. Ko alamar x ɗin tana da aiki: tana nufin rim ɗin guda ne mai kwari a tsakiya, domin rim mai ɓangarori irin na manyan motoci da ɗan layi ake rubuta shi. In an ƙara H2 a gaba, ana nufin akwai tudu biyu a ciki da ke hana taya marar tub zamewa in iska ta ragu a kwana. Tsofaffin rim da aka yi a zamanin tub ba duka ke da wannan tudun ba.

Lambar 15 kuma inci ce, a rim ɗin da aka ƙera a Jamus, ƙasar da ba ta awo da inci. Tayar da ke kansa a 944, wato 215/60 R15, ta ma fi haka gauraya: 215 milimita ne na faɗi, 60 kashi ne cikin ɗari na wannan faɗin, shi ne tsayin gefe, R na nufin ginin radiyal da Michelin ta yi wa rajista a 1946, sannan 15 inci. Awo uku a layi ɗaya. Michelin ta taɓa yunƙurin gyara wannan a 1975 da tayar TRX, mai rim na milimita, irin su 390. Ta shiga wasu BMW da Peugeot da Ferrari, amma kasuwa ba ta bi ba. Milimita 390 ya fi inci 15, bai kai 16 ba, don haka babu tayar yau da kullum da za ta zauna a kai. Masu Ferrari 308 na farkon shekarun 1980 da dama sun sauya rim zuwa inci 16 ba don ado ba, sai don su sami tayar da za su saya ba tare da jiran oda ta musamman ba.

Tazarar ramuka ita ce mutane suka fi sani, kuma nan ne suka fi tsayawa. Ana rubuta ta da lamba biyu, yawan ramuka da faɗin da'irar da ta ratsa tsakiyarsu. Ta Porsche 5x130 ce tun daga 356C mai birkin faifai har zuwa 911 na yau. Wannan dagewar ita ce ta buɗe ƙofar musaya, domin rim ɗin 1997 zai shiga ƙusoshin motar 1970. Amma ko a gidan akwai bare. Tsofaffin 356 masu birkin ganga 5x205 ne, irin na tsohuwar Beetle. Ita 914 mai silinda huɗu 4x130 ce, 924 ta farko kuma 4x108. A rim mai rami huɗu awon ba wuya, daga rami zuwa na ɗaura da shi. A mai biyar babu ramin da ke kallon wani, sai a auna maƙwabta biyu a ninka da 1,701. Milimita 76,4 shi ke ba da 130.

Lambobin da ke da waƙafi a tazarar ramuka duk inci ne suka sa rigar milimita. 114,3 na Toyota da Honda da Nissan inci 4 da rabi ne. 120,65 na tsofaffin Chevrolet inci 4 da kwata uku ne, kuma bambancinsa da 120 na tsofaffin BMW bai kai milimita ɗaya ba. Irin wannan kusancin ya fi nisa haɗari. Rim ɗin da ya yi nisa ba zai shiga ba, kowa ya huta. Wanda ya yi kusa zai shiga, notin farko ya zauna daidai, sauran huɗun su zauna a karkace suna jan ƙusoshi gefe, mai mota ya tafi yana murna.

Yanzu ET. Haruffan daga Einpresstiefe ne, ma'ana zurfin dannawa, kuma sunan ya samo asali daga yadda ake yin rim ɗin baƙin ƙarfe: da'irar waje daban, faifan tsakiya daban, sai a danna faifan cikin da'irar zuwa wani zurfi, a yi walda. Rim ɗin alminiyom guda ɗaya ne, babu abin da aka danna a cikin wani, amma sunan ya zauna, har masana'antun Japan da Italiya da Sin suna buga shi a kayansu. Abin da yake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob. In fuskar tana daidai tsakiya, ET sifiri ne. In ta matso wajen titi, lambar ta hau. A nan ne hankali ke yi wa mutane gardama: tun da fuskar ba ta motsi, hob ne ya riƙe ta, ƙaruwar lamba na nufin jikin rim ɗin ya ƙara shigewa cikin mota. Babbar lamba, ƙafa a ciki. Ƙaramar lamba, ƙafa a waje.

Amurkawa na auna abu ɗaya ta wata hanya. Su daga fuskar suke aunawa zuwa bakin rim na baya, da inci, su kira shi filin baya. Rim mai inci 7 da ET 23,3 filin bayansa ya kusa inci 5, mai ET 52,3 kuma ya ɗan haura 6. Awonsu ya fi sauƙi a gareji, domin katako miƙaƙƙe da rula sun isa. Na Jamus ya fi gaskiya a kan abin da sitiyari zai ji, domin yana faɗin inda tsakiyar taya take. Kowanne da ranarsa, muddin ba a haɗa su a lissafi ɗaya ba.

Me ya sa Porsche ta tashi daga 23,3 zuwa 52,3 a mota ɗaya? Birkin ABS ne. Da za ta shigo da shi a 944 a samfurin 1987, sai ta sake fasalin hob da hannayen ƙafa, ta turo fuskar hob waje, ta mayar da rim ciki don taya ta tsaya inda take. Akwai layin da ƙafar gaba ke juyawa a kai in an murɗa sitiyari. In aka ja shi har ƙasa, yakan sauka kusa da tsakiyar inda taya ta taka, kuma 'yar tazarar da ke tsakaninsu ita ke yanke yadda sitiyari zai yi in ƙafa ɗaya ta kama birki fiye da ɗaya. Audi 80 ta 1972 ta yi suna da sauke layin nan a waje da tsakiyar taya, abin da ke sa mota ta riƙe hanya in ƙafa ɗaya na kan santsi, kuma motar da birkinta ke kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa ɗaya tana son irin wannan natsuwar. Saboda haka ET ba maganar ko taya za ta goga ba ce kaɗai. Duk milimitan da aka ƙara ko aka rage, sitiyari da boris sun san da shi.

Har kalmar 1987 ɗin ma tana da tarko. Shekarar samfuri ce, ba ta kalanda ba, kuma a Porsche takan fara ne bayan hutun bazara na shekarar da ta gabata. Motar da aka ƙera a Oktoban 1986, aka yi mata rajista a 1986, samfurin 1987 ce. Harafi na goma a lambar shasi shi ke raba gardama: G na 1986, H na 1987.

Da wannan a hannu, sai mu ɗauki musayar da masu 944 suka fi yi, wato ɗauko rim mai inci 17 na Boxster ta farko, wadda ta fito a 1996. Dalilinsu a fili yake. An yi su da yawa, ba su da tsada, kuma tayoyi masu kyau na inci 15 sai raguwa suke yi a kasuwa. Na gaba 7J x 17 ET 55 ne, na baya 8,5J x 17 ET 50. Tayoyinsu, 205/50 da 255/40, tsayinsu gaba ɗaya milimita 637 da 636 ne, na asalin 944 kuma 639, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. An ƙara ƙarfe an rage roba, da'irar ta tsaya kusan yadda take. Ramin tsakiya ma ɗaya ne, milimita 71,6, kuma wannan ramin shi ke daidaita rim a kan hob kafin noti ya kama.

A motar 1987 zuwa sama, na gaba ya bambanta da na asali da milimita 2,7 kacal. Ɗaurawa kawai. A motar 1984 kuwa labarin ya sauya. Na gaba zai shige ciki da milimita 31,7. Na baya, saboda ya fi faɗi, bakinsa na ciki zai matsa da kusan milimita 46 zuwa cikin mota, na wajen ma ya koma ciki da kusan 8. Maganin shi ne faifan tazara, wanda makanikai ke kira sifesa, mai kaurin kamar milimita 30, a sa tsakanin hob da rim. Lissafinsa ragi ne: ET 55 da faifai mai 30 ya zama 25, kusa da 23,3 na asali. Masu ƙyamar sifesa suna cewa yana kashe boris, kuma suna da gaskiya in an sa shi don turo ƙafa fiye da inda masana'anta ta ajiye ta. A wannan musayar kuwa mayar da taya gurbinta yake yi. Sharaɗinsa ya kasance mai leɓen tsakiya na 71,6, kuma a sauya ƙusoshi da dogaye ko a yi amfani da irin wanda ke da nasa ƙusoshin. Ƙa'idar gareji ita ce noti ya ci tiredi aƙalla daidai kaurin ƙusa. Ƙusar Porsche milimita 14 ce, kowane zagaye milimita ɗaya da rabi, ke nan zagaye tara zuwa goma.

Faifan nan hanya ɗaya yake tafiya. Yana rage ET, ba ya ƙarawa. Shi ya sa mai tsohuwar 944 ke da zaɓi fiye da mai sabuwa: zai iya sa Fuchs kai tsaye, ya kuma sa na Boxster da faifai. Mai ta 1988 da ya ƙwallafa rai a kan Fuchs na asali ba shi da faifan da zai mayar da su ciki.

Noti ma yana da nasa sunayen. Mazauninsa a rim ɗin Porsche zagaye ne kamar rabin ƙwallo, alhali yawancin rim ɗin kasuwa mazauninsu mai tsini ne, kusurwa 60. Notin tsini a mazaunin ƙwallo zai ɗauru, wilsifana ta ji ya yi tauri, amma a siririn layi kawai yake taɓawa, kuma da tafiya sai ya ci gurbin ya saki. Boxster da kanta ba noti take amfani da shi ba, ƙusa mai kai ce ake ɗaurawa cikin hob, sauyin da Porsche ta yi daga wannan zamanin. Sa'ar mai 944 ita ce mazaunin bai canza ba, don haka tsofaffin notinsa za su zauna, a ɗaure su da ƙarfin Nm 130.

Duk wannan na komawa ga kalma ɗaya da mai sayarwa da makanike da mai mota ke faɗa, kowa da abin da yake nufi: ya shiga. Ga mai sayarwa, ramuka sun hau ƙusoshi. Ga makanike, ƙafa ta juya a kan jak ba ta taɓa kalifa ba. Ba a gwada komai ba tukuna, domin a kan jak ƙafa a rataye take. Sai an sauke, an murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, an ɗauki mutum biyu da kaya, an shiga kwana da gudu, sannan ake sanin ko ya shiga. Rim ɗin G-Class na Mercedes ma 5x130 ne, zai hau ƙusoshin 911 ba gardama, da ramin tsakiya mai faɗi da nauyin motar daji. Ko inda awo ya yi daidai, akwai abin da ba a rubuta a baya ba. Inci 17 ya fi 15 nauyi a mafi yawan lokuta, kuma nauyin da ke ƙasan shokazoba ya fi damun mota fiye da wanda ke cikin but. Gajeren gefen taya yana sa sitiyari ya amsa da wuri, yana kuma aika kowace gargada zuwa ga robobi da haɗe-haɗen da aka zana don taya mai kauri, waɗanda shekara arba'in ta riga ta gajiyar da su. A ganina 944 ta fi daɗin tuƙi a kan inci 16, kuma yawancin masu tsallakawa zuwa 18 hoto suke saya.

A Jamus hukuma ba ta karɓar ya shiga daga bakin kowa. Rim ɗin da ba shi da takardar amincewa ga motar sai injiniyan bincike, irin na TÜV, ya duba shi, ya tabbatar da ƙarfin ɗaukar nauyinsa da cewa taya ba ta gogar komai, sannan a rubuta shi a takardun mota, ko da kuwa daga wata Porsche aka ciro shi. Ga tsohuwar mota kuma akwai ƙarin kalma. Tun 1997 motar da ta cika shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, ta motar tarihi, mai sauƙin haraji, amma da sharaɗin duk sauyin da aka yi mata ya zama zeitgenössisch, wato na zamaninta. A aikace ana fassara shi da abin da aka yi ko za a iya yi cikin shekara goma na farkon rayuwar motar. Rim ɗin Design 90 na 1989 a kan 944 ta 1984 ya faɗo cikin wa'adin. Na Boxster na 1996 ya makara da shekara biyu, ko da kowane milimita nasa ya yi daidai.

A Kalifoniya abin ya bi wata hanya. A shekarun 1980, lokacin da masu gasar tsabtar asali ke duba ko kan sukurori na masana'anta ne, Gary Emory ya riƙa gyara tsofaffin 356 yadda ransa ke so, da ƙafafu da fitilun da ba nasu ba. Aka kira motocinsa Outlaw, 'yan tawaye, shi kuma ya buga sunan a baji ya manna a bayan mota. Kamfanin Singer da aka kafa a Los Angeles a 2009 ya juya al'amarin baya: yana ɗaukar 911 na farkon shekarun 1990 ya mayar da ita kamannin na 1970, ya sa mata rim mai fuskar Fuchs a inci 17, girman da babu shi a zamanin da ake kwaikwayo, da ET ɗin da aka lissafa don hob na sabuwar motar.